Bakin Kulu, Dubu Ɗari da Saba'in

Duk matar da ta taɓa zubin adashi a Tudun Wadan Daura ta san tabarmar Inna Kulu. Tabarmar kaba ce mai jan baki, ba a shimfiɗa ta sai ranar Juma'a bayan la'asar. Doka ɗaya Kulu ta kafa tun ranar da ta zama uwar adashi: kuɗin mutane ba ya shiga ɗaki. A tsakar gida ake zubawa, a nan ake ƙirgawa da babbar murya, mai kwasa ta ƙulle abinta a bakin zane kowa na kallo. Daga nan Kulu ta buga tafin hannunta a kan tabarma ta ce Allah ne shaida, mata su amsa shi ne. Da wannan kalma take rufe kowace magana ta kuɗi, ko cinikin kwalbar mai ne.

Haifaffiyar Zango ce, 'yar manomin gyaɗa. A gindin turmin uwarta ta koyi matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, kuma tun tana yarinya in ta damƙi gyaɗa a hannu za ta gaya maka man da tiya za ta bayar. Aure ya kawo ta Daura, gidan Maharazu mai gyaran keke. Ta haifi shida, huɗu suka rayu. Da Maharazu ya rasu bai bar komai ba sai gidan da akwatin sifana, man gyaɗa ne ya aurar da mata biyu, ya kai maza biyu sakandare. Adashin kuwa da mata biyar ta fara shi, zubin naira ashirin. Ya yi ta girma har ya kai mata ashirin da huɗu, zubin dubu goma duk mako, kwasa dubu ɗari biyu da arba'in. Ladanta dubu biyu ne a kowace kwasa. A duk shekarun nan ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai a hannunta ba.

Sai aka yi canjin kuɗi, takardar kuɗi ta ɓace a gari. Mutum da kuɗinsa ya kwana da yunwa. Mata suka rasa abin zubawa a tabarma, mazajensu da 'ya'yansu na Kano da Legas suka ce sai dai su turo ta waya. A lokacin ne yaran wani banki suka kafa lema a bakin kasuwa suna buɗe wa mutane asusu. Wani mai jar hula ya tambayi Kulu sana'arta, ta ce kasuwanci. Ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya ɗauki hotonta, ta dangwala yatsa.

Ko da kuɗi suka dawo hannu, mata sun riga sun saba. Kowa ta tura nata cikin asusun Kulu, ranar Juma'a da safe Kulu ta je wurin mai POS ta ciro kwasa cif, ta kawo tabarma a ƙirga. A cikin asusun nan ta ajiye jarinta ma, wanda take tanadi don ta sari gyaɗa da kaka lokacin da take araha. Saƙon da banki ke turowa da Turanci yake, ita kuwa ba ta karanta boko. Lissafinta mai sauƙi ne: tunda duk Juma'a kuɗi na fitowa, to suna nan. Sau ɗaya ne na'ura ta haɗiye dubu arba'in ba ta ba da komai ba, mai POS ya ce za su dawo da kansu. Ta yarda, don ita in ta ce abu zai dawo, dawowa yake yi.

Haka aka yi ta tafiya wata goma sha biyar, har Juma'ar da kwasa ta faɗo kan Murjanatu, matar direba, wadda ke jiran kuɗin don ta biya wa 'yarta rajistar makarantar koyon jinya. Mai POS ya saka kati ya cire, ya sake sakawa, ya ce kuɗin ba su kai ba. Ta ce ya duba da kyau, akwai jarinta ma a ciki. Ya juyo mata da na'urar kamar za ta iya karantawa. Babu jari, kuma kwasar kanta ta yi giɓin dubu hamsin da takwas.

Ran nan aka ƙirga kuɗi a tabarma, muryar Kulu ta tsaya a ɗari da tamanin da biyu. Ta gaya musu abin da ya faru yadda ya faru, ta ce ita dai banki take zargi. Murjanatu ta gyara goyonta ta ce, "Inna, banki fa ba ɓera ba ne. Gidan gilashi da na'urar sanyi, su rasa abin sata sai kuɗin rajistar Khairunnisa? To in shi ya ci, ya amayo mu gani."

"Zai amayo," in ji Kulu. "A kan tabarmar nan za ki ji."

Washegari ta sa aka kai awakinta biyu kasuwa, ta cika wa Murjanatu kuɗinta kafin rajista ta rufe. Amma ta san ba a nan gizo ke saƙar ba. An biya kuɗi, maganar ba a biya ta ba.

Ta nufi gidan Jibril, ƙanin marigayi mijinta, tsohon akawun ƙaramar hukuma da ya yi ritaya. Tun tana amarya suke wasa, shi ya ce mata matata, ita ta ce masa Akawu mai aljihun wofi. Ya aike ta ta karɓo takardar bayanin asusu. Sai da ta yi sawu uku, yau babu netwok, gobe mai bugawa ya tafi sallah, kuma da aka buga sai da aka caje ta kuɗin kowane shafi. Jibril ya sa tabarau ya bi layi-layi da jan biro, yana karantawa tana tarawa a ka.

Naira hamsin da gwamnati ke karɓa a kan kowane zubi, wannan halal ɗinsu ne, Jibril ya ware ta gefe. Amma sau biyu ake cirewa, hamsin ta biyun kuwa ta taru ta zama dubu saba'in da shida da ɗari takwas. Akwai wata inshora da ba ta taɓa jin sunanta ba, dubu uku da ɗari biyar duk wata. Dubu arba'in ɗin da na'ura ta haɗiye ba su taɓa dawowa ba. Ga kuɗin kula da asusu irin na kamfani, don yaron mai jar hula asusun kamfani ya buɗe mata. Ga kuɗin kati biyu, ita kuwa ɗaya aka ba ta. Jimla dubu ɗari da tamanin da shida da ɗari biyar. Jibril ya cire tabarau ya ce, "Matata, kina gaba kina ƙirga ƙwayar gyaɗa, ana bayanki ana jan buhu."

Ta ɗauki takardun ta kai tabarma. Mata suka juya su sama da ƙasa, suka miƙa wa juna. Wata ta ce ai takarda ko a shagon hoto ana bugawa. Murjanatu ba ta ko taɓa ba, ta ce ita ba rubutu ta ce a kawo ba.

Jibril ya rubuta wasiƙar koke, aka karɓa aka buga hatimi, shiru. Ya rubuta ta biyu. Kulu ta zama kamar ma'aikaciyar bankin, har mai gadi ya daina tambayarta inda za ta, sai dai ya nuna mata benci. Duk zuwa kuɗin babur ne da asarar suyar yini guda. A wasiƙa ta uku Jibril ya rubuta cewa in ba a amsa ba za su kai ƙara babban banki. Wannan ce ta yi aiki. Aka bugo waya aka ce manaja na son ganinta.

Ranar Jibril ya tafi ta'aziyya Mashi. Da ma ko yana nan, an ce mai asusu kaɗai ake so. Manajan, Suhaibu, yaro ne da bai wuce sa'an ɗanta na fari ba, mai ladabi, har ya ɗan rusuna da zai gaishe ta. Ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya ce banki ya duba kokenta, za a saka mata dubu ɗari da saba'in yau ɗin nan. Ta ce saura dubu goma sha shida da ɗari biyar. Ya yi murmushi ya ce abin da aka amince daga sama ke nan.

"Kuma Mama, ba wai banki ya yi kuskure ba ne. Kyautatawa ce."

"Da kuɗina za a kyautata mini?"

"Haka ake rubutawa, Mama."

Ya turo mata takarda shafi biyu, ya fassara mata da Hausa tsakani da Allah, bai ɓoye komai ba. In ta karɓa, magana ta mutu. Ba za ta gaya wa kowa an biya ta ba, ko nawa aka biya, ko dalilin biyan. In ta faɗa, banki na da ikon janye kuɗinsa. Takardun da aka yi wa jan biro ma za su zauna a fayil.

"Ko 'ya'yan adashina?"

"Su ne ma kan gaba, Mama. Rabinsu a nan suke ajiya."

Ya ce ba dole, tana iya ƙi, a tura maganar hedikwata a Legas. Wata shida, shekara, shi ba zai iya cewa ba. Kulu ta dubi takardar ta shiga lissafi. Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwar Mai'adua, duk Lahadi farashi sai ya ɗaga. Wata biyu ke nan tana sayen tiya-tiya a hannun 'yan sari, ribar ba ta wuce ta cefane. In kaka ta wuce ba ta saya ba, sana'ar shekara ta tafi. Ta ce a ranta ai kuɗi da bakinsu suke zuwa, in mata suka ga jari ya dawo za su gane da kansu. Ta dangwala yatsa. Hannunta na sauka kan tebur bakinta ya yi abin da ya saba, ta ce Allah ne shaida. Ba wanda ya nemi ta faɗa. Suhaibu kuwa, ɗan Musulmi, ya amsa, "Shi ne, Mama."

Tana kan babur kuɗin suka shigo. A kan babur ɗin ne kuma ta gane abin da ta yi.

Ranar Lahadi ta saro gyaɗa, a-kori-kura ta sauke buhuna a ƙofar gida unguwa na kallo. Ranar Juma'a aka ƙirga kwasa ta cika cif. Kafin Kulu ta buga tabarma Murjanatu ta ce, "Inna, mun ga kaya sun sauka, Allah ya sa albarka. Bankin ne ya amayo?"

Mata ashirin da uku suka zuba mata ido. Kalma ɗaya ce tak, tana nan a kan harshenta. Kulu ta dubi jan bakin tabarma ta ce, "An daidaita."

"Da wa?"

Matar da ta shekara talatin tana ƙirga kuɗi da babbar murya, ran nan ta sunkuyar da kai a tsakar gidanta. Murjanatu ta ce to, Allah ya kyauta, ta ɗauki takalmanta.

Jibril da ya dawo bai sha wahalar ganewa ba, ya yi aikin ofis. Ya tambaye ta ko sun sa ta sa hannu a kan yin shiru, ta ci gaba da tsince gyaɗarta. Ya yi faɗa, ya ce banki ba shi da kunne a tsakar gidan Tudun Wada, ta faɗa kawai, wa zai kai musu? Ta ce, "Bankin ba ya ji, Akawu. Wanda na kira shaida fa?" Ya ce to shi bai rantse wa kowa ba. Ya gaya wa matarsa, matarsa ta baza. Mata suka zo suka tambayi Kulu ko gaskiya ne, ta ce ita ba ta ce ba. Shi ke nan aka ce ƙanin miji ne ke rufa wa matar wansa asiri, ita kuma tsoron Allah ya hana ta tayawa da ƙarya. Labarin da ya zauna a unguwa shi ne ta juya kuɗin mutane a sana'arta, asara ta same ta, ta laƙa wa banki.

Ba wadda ta zage ta. Zagaye na ƙarewa sai uzuri ya yi ta zuwa. Wannan mijinta ya hana, waccan hidima ta yi mata yawa. Daga ashirin da huɗu aka koma goma sha biyar, daga nan tara. Suka koma wurin wata sabuwar uwar adashi a Sabon Gari. Masu sayen mai ma suka fara ɗaga kwalba suna duban rana, abin da ba a taɓa yi wa man Kulu ba.

Cikin waɗanda suka tsaya akwai Lami mai koko, ƙawarta tun zuwanta Daura. Wata rana Lami ta zo tana ƙorafi, ɗanta ya turo mata dubu ashirin, ta je cirewa ta tarar an gutsure. Banki ɗaya suke, a lema ɗaya aka buɗe musu. Ta ce, "Yaya Kulu, ke da kika yi ta sintiri can, yaya ake yi?" Kulu ta san takardar da ake nema, ta san tagar da ake miƙa koke, ta san kalmar da ke tayar da manaja daga kujera. Amma duk inda ta ɗauko bayanin, ƙarshensa sai ya kai ga an biya ta. Ta ce wa Lami ta yi haƙuri, Allah zai saka mata. Wannan ta fi maganar Murjanatu ci mata rai.

Ta je wurin Malam Harisu, limamin unguwa, ta tsaya daga bakin zaure ta tambayi hukuncin wanda ya kira Allah shaida a kan zai yi shiru. Malam ya ce in rantsuwa ce akwai kaffara, ciyar da miskinai goma. Amma in da haƙƙin wani a ciki, an karɓi abu a kan alkawari, to sai an mayar da abin tukuna. Ya ce ta gaya masa maganar don ya san inda zai sa ta. Ta ce ai maganar ce aka hana ta faɗa. Malam ya ce to Hajiya, likita ba ya duba ciwon da ke cikin riga.

Ta dawo gida da abu ɗaya a ka: a mayar da abin tukuna. Dubu ɗari da saba'in aka sayi bakinta, dubu ɗari da saba'in za ta fanso shi. Ta koma ajiya a gida, cikin tsohon akwatin sifanan Maharazu. Ta rage nama, ta daina ɗinkin salla, kwasarta ta adashin mata tara ta shiga ciki. Sai da wata kakar ta zagayo kuɗin suka cika.

Ta ƙulle su a leda ta tafi banki. An yi wa Suhaibu canjin wurin aiki. Sabon manajan ya saurare ta, ya kira wani, wanin ya kira wata, suka taru suna duban kwamfuta. A ƙarshe aka ce mata babu tsarin karɓar irin wannan kuɗi. An rufe fayil, takardar tana Legas. In tana so ta zuba su a asusunta, ga taga can, amma za a cire naira hamsin. Ta ce to a yaga takardar, ko a ba ta wata da ke cewa ta sake ta. Manajan ya ce, "Hajiya, wa ma ya tuna da wannan maganar? Ki je ki ci kuɗinki."

Ta koma wa Malam Harisu ta ce ta kai wa masu abu abinsu sun ƙi karɓa. Ya ce to ta fita haƙƙinsu, saura kaffara. Ta dafa shinkafa da wake da man hannunta, ta ciyar da mutum goma. Ranar Juma'a ta aika a kira mata duk tsofaffin 'ya'yan adashinta, ta ce tana da magana.

Bakwai suka zo a kan tara da ke nan, Murjanatu a cikinsu. Kulu ta zazzage dubu ɗari da saba'in a tabarma ta ƙirga da babbar murya. Ta faɗi komai, tun daga yaro mai jar hula har ruwan sanyin Suhaibu da takarda mai shafi biyu. Da ta gama ta buga tabarma ta ce Allah ne shaida. Muryoyi uku ko huɗu suka amsa.

Murjanatu ta ce, "Inna, shekara guda fa. Ko ni aka ba shekara ai zan haɗa labarin da ya fi wannan. Ina takardar?"

"Tana Legas."

"To."

Suka yi sallama cikin mutunci, suka ce sauri suke, yau zubi ne a Sabon Gari. Sabuwar uwar adashin ma a bankin nan take tara kuɗinsu. Kulu ta gaya musu haka, wata ta ce ai ita kwasarta a can ba ta taɓa yin giɓi ba.

Lami ce kaɗai ta zauna har aka naɗe tabarma. Kulu ta koya mata hanya tiryan-tiryan, ta haɗa ta da Jibril, ta ba ta kuɗin babur na zuwan farko. Ta ce mata in an biya ta, ta zo ta faɗa a kan tabarma ranar Juma'a, shaidar mutum biyu ba ta zama ƙarya. Lami ta ce ko ba a roƙe ta ba za ta faɗa, har gidan Murjanatu za ta je. Ta yi ta sintiri ita ma, wasiƙa ta ɗaya, ta biyu, ta uku.

Wata safiya Kulu na tuyar ƙuli-ƙuli sai ga Lami ta shigo sayen mai. Sabuwar atamfa ce a jikinta, kuma galan ta kawo maimakon kwalbar da ta saba. Suka gaisa, ta tambayi yara, ta yi maganar tsadar gero, ta yi maganar zafi. Kulu ta cika mata galan ta toshe bakin da leda, sannan ta ce, "Lami, yaya maganar banki?"

Lami ta tsura wa galan ido. Ta gyara ɗaurin sabon zanenta, ta ce, "An daidaita, Yaya."

Kulu ta karɓi kuɗin man ta ƙirga, sun cika. Ba ta buga komai ba, ba ta kira kowa shaida ba. Ta juya ta kwashe ƙuli-ƙulin da ya fara ƙonewa.